TARAR NAIRA 50 GA MAI ZALUNTAR DABBA: INA AKA DOSA?

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka karanta wa shugabannin zango da fataken dabbobi mazauna garuruwan Kudu, game da maganar gyara hukuncin da doka ta tanada ga masu zaluntar dabbobi.



Maganar da ta tara jama'a yau magana ce wadda wani zai ji ya yi murmushi, ya ce ɗan Adam ma bai gama samun hakkinsa ba, balle jaki. To, amma duk wanda abincinsa ke fitowa daga kara, ko kwata, ko bayan tirela, lalle ne ya kasa kunne, domin in aka taɓa dokar zaluntar dabbobi a jihohin Kudu, shi ne za ta fara faɗa wa. Galibin shanu da raguna da awakin da ake yankawa a Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal daga Arewa suke fitowa, kuma a hannun ɗan Arewa suke tun daga kasuwar Potiskum ko Maigatari ko Mubi har zuwa ƙofar mayanka. Shi ke lodi, shi ke rakiya, shi ke saukewa, sau da yawa kuma shi ke riƙe da wuƙa.

Likitocin dabbobi da masana shari'a sun daɗe suna kiran a ƙara nauyin hukuncin, ƙasashe da dama sun riga sun ƙara nasu, majalisun ƙasar nan kuma sun fara taɓa gefen maganar. Saboda haka gyara yana tafe, ko ba daɗe ko ba jima. Abin da ya rage shi ne irin gyaran da za a yi, da kuma wanda hukuncin zai hau.

Abin da doka ta ce

Nijeriya tana da manyan dokokin hukunta laifuffuka iri biyu. A Arewa akwai Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960. A Kudu kuwa akwai Kiriminal Kod, wadda Turawa suka shimfiɗa wa ƙasar duka a 1916, watau shekarar da aka kafa unguwar Sabo ta Badun. Ɗan Arewa da ya ƙetare Kwara ya sauka a Kudu ya shiga ƙarƙashin wannan ta biyu, ko ya san da ita ko bai sani ba, rashin sani kuwa ba ya kuɓutar da kowa a gaban alƙali.

Sashe na 495 na Kiriminal Kod shi ya lissafta abubuwan da ake kira zaluntar dabba. A ciki akwai dukan ƙeta da shuri da azabtarwa, da ɗora wa dabba kayan da ya fi ƙarfinta, da kora ta fiye da ƙima, da firgita ta ko tunzura ta. Akwai ɗaukar dabba a mota ko wani abin hawa ta hanyar da za ta sha wahalar da babu dalilinta. Akwai ba ta guba, da yi mata aiki a jiki ba tare da kula da tausayi ba. Akwai kuma haɗa dabbobi faɗa, da taimakawa wajen haɗa su, da ajiye filin da ake yi, wanda ke nufin karon ragunan da samari ke shiryawa a unguwannin Ikko gab da Babbar Salla laifi ne a idon wannan doka. Hukuncin duk waɗannan shi ne ɗaurin wata shida, ko tarar Naira 50, ko kuma a haɗa wa mutum duka biyu.

Dokar ba ta hana yanka dabba domin ci ba, sai fa in an haɗa da wahalarwar da ba ta zama dole ba. Sassan da ke biye sun ba kotu ikon ta sa a kashe dabbar da barinta da rai ya zama azaba gare ta, da ikon ƙwace dabba daga hannun mai ita in akwai shaidar cewa zai ci gaba da cutar da ita. Sun kuma ba ɗan sanda ikon tsare dabbar ko motar da aka kama mutum da ita har a gama shari'a. Final Kod ta Arewa ita ma ba ta kyale maganar ba, domin sassanta na 207 da 208 sun hana duka da azabtarwa da lodin ƙeta da sa dabba marar lafiya aiki.

Akwai wani wuri cikin sashe na 495 da ya kamata kowa ya riƙe. Dokar ta ce mai dabba, in ya kasa sa ido yadda ya kamata har aka cuci dabbarsa, ana ɗaukarsa kamar da yardarsa aka yi. Amma ta ƙara da cewa in laifinsa sakaci ne kurum, ba za a ɗaure shi ba sai an ba shi zaɓin biyan tara. Ma'anar wannan a aikace ita ce, yaron da aka kama da sanda a hannu yana iya kwana a kurkuku, alhali alhajin da laifinsa rashin sa ido ne kurum yana iya zaro Naira 50 ya koma gida.

Yadda Naira 50 ta mutu

Wannan tara ba a banza aka yanka ta ba. An ɗauko tsarin sashen ne daga wata dokar Ingila ta 1911, wadda ta sa tarar fam 25. Da aka canja kuɗi a ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya ya zama Naira biyu, sai fam 25 ya koma Naira 50. A wancan lokaci kuɗi ne masu ciwo. A 1981, sa'ad da aka tsayar da mafi ƙarancin albashin ma'aikaci a kan Naira 125 a wata, tarar ta kai kashi biyu cikin biyar na albashin lebura. Da an bar ta tana tafiya tare da albashi, to, a 2024 da aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, da ta kai Naira 28,000. Amma tana nan inda aka bar ta, har ta zama da ƙyar take sayen ledar ruwan sha guda.

Tarar da ba ta da ciwo ɓarnarta biyu ce. Ta farko, ɗan sanda ba zai ɓata takalminsa ya kai ƙarar da kuɗin motar zuwa kotu ya ninka tararta ba, saboda haka sai dokar ta kwanta barci. Ta biyu, ran da aka ga dama aka tashe ta, alƙali ba shi da abin da ke tsakanin Naira 50 da gidan yari, ko dai ya yanke hukuncin da zai zama abin dariya, ko kuwa ya ɗaure mutum.

A lura kuma, hukunta laifuffuka galibi aikin jihohi ne, kowace jiha tana da ikon gyara tata dokar. Jihar Ikko ta yi sabuwar dokar laifuffuka ta kanta a 2011. Don haka wajibi ne shugabannin kowane zango su nemi lauya ya karanta musu abin da ke aiki a jihar da suke zaune, kada su dogara da abin da ɗan'uwansu na wata jiha ya gaya musu.

Inda wasu ƙasashe suka bi

Ingila, inda aka aro dokar, ita ta fara wannan hanya tun 1822, lokacin da wani ɗan majalisa mai suna Richard Martin ya sa aka yi dokar hana zaluntar shanu da dawaki da tumaki. Waɗanda dokar ta fi kamawa a farkonta su ne masu koro dabbobi zuwa kasuwannin London da masu keken doki, watau talakawa. Farautar yanyawa da karnuka kuwa, wadda wasan masu hali ce, ba a hana ta a Ingila ba sai da dokar 2004, bayan shekara 182. Wannan tarihi yana da darasi: dokar tausayin dabba tana da saurin ganin laifin mai sanda, tana da jinkirin ganin na mai kuɗi.

A 2021 Ingila ta ɗaga mafi tsananin hukuncinta daga ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar. Dalilin da aka bayar shi ne alƙalai sun yi ta haɗuwa da laifuffukan ƙeta waɗanda wata shida bai kai nauyinsu ba. Amma ba kowane mai laifi ake yi wa shekara biyar ba, an keɓe ta ne ga mafi munin ƙeta. Tun da dokarsu ta 2006 kuma kotu tana da ikon hana mutum mallakar dabba ko cinikinta ko jigilarta na tsawon lokacin da ta ga ya dace. A Amurka ma, a 1999 aka fara dokar tarayya kan masu ɗaukar hoton azabtar da dabba don sayarwa, a 2019 kuma aka yi wadda ta sa wasu nau'o'in azabtarwar kansu suka zama laifin da ɗaurinsa ke iya kai shekara bakwai.

Ƙasar da ta fi kama da Nijeriya a wannan batu ita ce Indiya. Dokarta ta 1960 ta sa wa wanda ya yi laifin farko tarar rufi 10 zuwa rufi 50, kuma kamar Naira 50, wannan tara ta zauna shekara da shekaru har ta zama abin ba'a. A 2022 gwamnatin ƙasar ta fitar da daftarin gyara domin jama'a su faɗi ra'ayinsu. Daftarin ya ware mummunar ƙeta daban, ya sa mata tarar rufi 50,000 zuwa 75,000 da ɗaurin da zai iya kai shekara uku, kisan ƙeta kuma har shekara biyar. Abin lura a nan shi ne an raba laifi hawa-hawa, kuma an buɗe ƙofa ga jama'a kafin a kai maganar majalisa.

Darasin jakuna

A gida Nijeriya, jaki ne ya fara kai wannan magana gaban majalisa. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani danƙo da ake maganin gargajiya da shi, kuma da jakunansu suka yi ƙaranci sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Jamhuriyar Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da jakuna daga ƙasashensu a 2016. A nan kuwa aka riƙa lodo jakuna daga Arewa da ƙasashen maƙwabta zuwa Kudu, musamman kasuwar Ezzamgbo ta Jihar Ebonyi, ana yankawa. Manomi da mai ɗiban ruwa da mai jigilar yashi a ƙauyukan Arewa su suka ji a jikinsu, domin jaki ya yi tsada, satarsa kuma ta yawaita.

A Majalisar Wakilai, Alhaji Garba Datti Muhammad daga Jihar Kaduna ya gabatar da shirin dokar hana kashe jakuna da fitar da fatunsu waje, tare da tanadin ɗaurin shekaru ga wanda ya saɓa. A Majalisar Dattawa kuma Sanata Yahaya Abdullahi daga Jihar Kabi ya kawo nasa shirin, wanda ya nemi a tsara yankan jakuna da fitar da fatun bisa ƙa'ida. Da aka zo muhawara a kansa a 2021, Sanata Enyinnaya Abaribe daga Jihar Abiya ya tashi ya ce wannan ba hurumin majalisar tarayya ba ne, na jihohi ne, amma shirin ya wuce karatu na biyu. A 2022 aka yi zaman sauraron jama'a, dillalan jakuna kuwa suka hallara da ƙungiyarsu, suka faɗi abin da hani zai jawo wa sana'arsu. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince da hana yanka jakuna domin fatarsu a nahiyar baki ɗaya.

Ko mutum yana goyon bayan dillalan jakuna ko ba ya goyon bayansu, abin koyi guda ne: sun je, an kuma ji su. Wani abin koyin shi ne saurin da doka ke yi in gwamnati ta sa kanta. Gwamnonin Kudu sun taru a Asaba a watan Mayun 2021 suka yanke shawarar hana kiwon sake, kafin ƙarshen Satumba na shekarar gwamnan Ikko ya sa hannu a kan dokar jiharsa. Majalisar da ta iya wannan cikin wata huɗu ba za ta gagara gyara sashe guda na dokar zaluntar dabbobi cikin mako kaɗan ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaskiyar abin da ke faruwa a hanya

Kafin a nemi adalci a wurin masu doka, dole a faɗi gaskiya a cikin gida. A zamanin da, a ƙasa ake koro shanu, su yi makonni suna tafe suna kiwo har su ƙetare Jebba, daga baya jirgin ƙasa ya ɗauki wani kaso, yau kuwa kusan duka a tirela suke zuwa. Daga Kano zuwa Ikko kimanin kilomita 1,000 ne, daga Maiduguri ya haura 1,500. Saniya tana iya yin kwana biyu ko uku a cikin ƙarfe, ta Mokwa da Jebba da Ilori da Ogbomosho, ba ci ba sha, rana na dukanta, ƙahon 'yar'uwarta na sukarta. Wadda ta faɗi sai a tattake ta. In an iso kara, wadda ta kasa tashi sai a murɗe mata wutsiya, a yi ta jibga har ta miƙe ko ta mutu. Kaji kuma a ɗaure musu ƙafafu a rataye a babur kai a ƙasa. Babu wanda ke wannan sana'a da zai ce bai taɓa gani ba.

Wannan hasara ce tun kafin ta zama laifi. Dabbar da ta yi kwanaki ba ruwa tana ramewa, dillali kuwa da ido yake sayen nama. Inda sanda ta sauka jini yana kwanciya, mahauci ya yanke wurin ya yar. Likitocin dabbobi sun tabbatar cewa dabbar da ta galabaita kafin yanka, ƙarfin da ke ajiye cikin tsokarta ya riga ya ƙone, sai namanta ya yi duhu, ya bushe, ya kuma yi saurin lalacewa. Fatar da bulala da ƙaho suka yi wa tabo ba ta da daraja a wurin majema. Saniya ɗaya da ta mutu a hanya tana iya cinye ribar mota guda.

Amma gaskiyar tana da ɗaya gefen. Ba don mugunta falke ke cika mota ba, kuɗin mota da na man dizal ne ke korarsa. Ba don ƙeta direba ke ƙin tsayawa ba, babu wurin da zai sauke shanu ya shayar da su cikin aminci, ga tsoron 'yan fashi. Ga kuma shingaye. A watan Fabrairun 2021, da haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, cikin koke-kokenta har da yawan shingaye da karɓe-karɓen kuɗi a hanya. Kowace sa'a da mota ta yi tsaye a rana ana cinikin na goro, dabbobin da ke ciki ne ke biya da jikinsu. Wanda ya tsare motar shanu awa uku don a ba shi wani abu, shi ma yana da hannu cikin zaluncin.

Irin gyaran da ya kamata a nema

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In aka ɗaga tara kurum aka bar sauran yadda yake, abin da zai ƙaru shi ne farashin cin hanci a shinge, dabba kuwa ba za ta sami ko kurɓin ruwa ba. Saboda haka akwai abubuwa biyar da ya kamata masu wannan sana'a su tsaya a kansu duk inda aka buɗe maganar.

Na farko, a raba laifi hawa-hawa. Sakaci daban, ganganci daban, ƙeta da gangan daban. Wanda ya yi kuskuren farko a yi masa gargaɗi a rubuce ko tara madaidaiciya, wanda ya maimaita a ninka masa, ɗauri kuwa a ajiye shi ga mai azabtar da dabba da niyya.

Na biyu, hukunci ya bi mai umurni. In laifin cunkoso ne, a tuhumi mai kaya da mai mota da wanda ya sa hannu aka yi lodin, kada a tsaya kan yaron mota. A kuma auna tara da darajar kayan, domin tarar da za ta karya mai akuya biyu ba za ta girgiza mai tirela biyar ba.

Na uku, a bayyana laifi da lamba. Kalmar "wahalar da babu dalilinta" tana da faɗi, kowa na iya ja ta inda ya so. A rubuta shanu nawa mota mai tsawo kaza za ta ɗauka, awa nawa za a yi kafin a tsaya a shayar, wace dabba ce ba ta isa a yi tafiya da ita ba. Ba sabon abu ba ne, domin dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta riga ta taɓa sharuɗɗan jigila, hukumar lafiyar dabbobi ta duniya kuma tana da ƙa'idojin da ƙasashe ke koyi da su. A fassara su da Hausa da Fulatanci, a karanta a rediyo, a manna a kowace kara.

Na huɗu, kada a karɓi tara a bakin hanya. Likitan dabbobi na gwamnati shi zai duba ya rubuta shaida, kotu ta yanke hukunci, a biya a ba da rasit. In an tsare mota, a fara sauke dabbobin a ba su ruwa da inuwa, kada tsarewar ta fi laifin cutarwa.

Na biyar, gwamnati ta ɗauki nata kason. Ba adalci ba ne a ɗaure direba don bai shayar da shanu ba a hanyar da babu mashaya. Ana bukatar zangunan hutu masu ruwa da tsaro a manyan hanyoyi, da matakalar lodi da saukewa a kasuwanni irin su Oko-Oba ta Agege, da Akinyele ta Badun, da Amansea kusa da Awka, da Lokpanta ta Jihar Abiya. A 2016 an gwada ɗauko shanu kimanin 500 a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Ikko, abin da ya nuna hanyar dogo tana iya komawa aikinta na da. Tun 2024 kuma akwai Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, don haka an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Aikin da ke kan shugabannin zango

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga mutanen Arewa, ba kuma sai an jira Bature ya koyar da ita ba. Kowane almajiri ya ji labarin matar da ta halaka saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya kuma ji umurnin a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Littattafan hisba na malaman da sun ɗora wa mai kula da kasuwa aikin hana a yi wa dabba lodin da ya fi ƙarfinta. Bafillace na gaske yana kwana da yunwa saniyarsa ta ƙoshi. Abin da ya lalace ya lalace ne a tsakanin ruga da mayanka, wurin da dabba ta tashi daga dukiyar da aka sani da suna ta koma kaya.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sarkin zango da sarkin fawa da shugabannin direbobi suna da ikon da ɗan sanda ba shi da shi, domin su ke ba mutum wurin tsayawa a kasuwa. Suna iya tsayar da adadin lodi tun daga tasha, su hana murɗe wutsiya da dukan dabbar da ta faɗi, su ajiye kwamin ruwa a wurin saukewa, su sa a yanka wadda ta karye nan take maimakon a ja ta a ƙasa, su kuma ci tarar ɗan ƙungiyar da ya ƙi ji. Suna iya naɗa mutum biyu ko uku masu ilmi su riƙa bin abin da ke gudana a majalisar jiha, domin ran da aka kira zaman sauraron jama'a a tarar da takardarsu a rubuce.

Ƙungiyar da ta shiga majalisa da irin wannan shaida a hannu, ta ce ga abin da ta riga ta hana da kanta, ga kuma abin da ya rage wa gwamnati, ba za a yi mata kallon mai neman kare laifi ba. Wadda ta zauna shiru kuwa har aka buga doka, sai dai ta yi ta zaryar beli. Mazaunin garin wani yana da bukatar suna mai kyau fiye da kowa, kuma abin da mutanen gari ke gani kullum a bakin titi shi ne yadda ake sauke saniya daga mota.

Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci ga mai baki da marar baki, ya tsare matafiya, ya sa albarka a kasuwa.